Mutum nawa ne a Six Nations? Nazarin yawan jama'ar wata keɓaɓɓiyar ƙasa a Kanada

A kudancin lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, tafiyar kamar kilomita 20 kudu maso gabas da birnin Brantford, akwai yankin da ake kira Six Nations (wato Al'ummomi Shida) na Kogin Grand. Keɓaɓɓiyar ƙasa ce, wato filin da doka ta ware wa 'yan asalin nahiyar, kuma duk faɗin Kanada babu al'ummar 'yan asali da ta kai ta yawan mutane masu rajista. Amma wanda ya buɗe sakamakon ƙidayar ƙasa ta 2016 yana neman yawan mazauna wurin ba zai sami adadi ba. Hukumar Ƙididdiga ta Kanada ta sa yankin cikin keɓaɓɓun wurare 14 da ba a kammala ƙidaya a cikinsu ba a shekarar, kuma ba shi ne karo na farko ba.

Adadin da aka fi ambato daga rajistar gwamnatin tarayya yake fitowa. A ƙarshen 2017 rajistar ta nuna mutum sama da 27,000, daga cikinsu kusan 12,800 ne aka rubuta suna zaune a cikin yankin. Wannan adadi ba yawan mazauna ba ne, ba kuma yawan mutanen da al'ummar ta ɗauka nata ba ne bisa al'adarta. Yawan waɗanda wata doka ta amince da su ne. A wuri irin wannan, haihuwa da mutuwa da ƙaura ba su kaɗai ke motsa alƙaluma ba. Doka tana ƙara mutane tana rage su, ƙarancin fili kuma shi ke yanke wanda zai zauna da wanda zai fita.

Asalin wurin

Mutanen suna kiran kansu Haudenosaunee, ma'ana mutanen dogon gida. Haɗakar al'ummomi biyar ce tun asali: Mohawk, Oneida, Onondaga, Cayuga da Seneca, sannan Tuscarora suka shigo wajajen 1722 suka cika shida. Ƙasarsu ta gado tana cikin jihar New York ta yau. A yaƙin neman 'yancin Amurka da yawansu sun mara wa Birtaniya baya, sojojin Amurka kuma suka ƙone garuruwansu kusan 40 a 1779. Da aka yi sulhu a Paris a 1783 ko ambatonsu ba a yi ba. Don a rage musu asara, gwamna Frederick Haldimand ya sa hannu a wata takarda ranar 25 ga Oktoba 1784, ya ba su mil shida a kowane gefe na Kogin Grand, daga mafarinsa har inda ya faɗa Tafkin Erie. Wannan ya kai kimanin eka 950,000. Shugaban Mohawk Joseph Brant, wanda sunansa na gida Thayendanegea, shi ya jagoranci ƙaurar.

A 1785 an ƙirga waɗanda suka iso, aka sami mutum 1,843: Mohawk 448, Cayuga 381, Onondaga 245, Oneida 162, Tuscarora 129, Seneca 78, sauran kusan 400 kuma daga ƙananan al'ummomin da suka raɓe su, irin su Delaware, Nanticoke da Tutelo. Wannan rabe-rabe bai ɓace ba. Har yau rajistar tarayya ba ta ɗauki Six Nations a matsayin rukuni guda ba, rukunai 13 ne, kamar Mohawk na Sama, Mohawk na Ƙasa, Cayuga na Sama, Cayuga na Ƙasa da Delaware, dukansu a fili ɗaya ƙarƙashin majalisa ɗaya. Mai bincike da ya ciro rukuni ɗaya ko biyu ya ɗauka ya gama, ya yi kuskure tun daga matakin farko.

Filin kuwa ya yi ta raguwa. Takardar gwamna Simcoe ta 1793 ta cire ɓangaren mafarin kogin. Sayarwa, haya, mamayar baƙi da wata sallamawa ta 1841 da al'ummar ke musantawa har yau suka cinye sauran, zuwa wajajen 1847 aka tattara mutane a filin da suke yanzu. Girmansa kimanin eka 46,000 ne, kusan kashi 5 cikin ɗari na alkawarin farko. Tun 1995 majalisar yankin ta kai Kanada da Ontariyo kotu tana neman bayanin inda filayen da kuɗinsu suka tafi. In aka raba filin 1784 ga mutanen 1785, kowa yana da sama da eka 500. In aka raba filin yau ga masu rajista na 2017, kowa bai kai eka 2 ba.

Me ya sa ake ƙin ƙidaya

A wasu ƙasashe rigimar ƙidaya ita ce kowa yana son a ce ya fi yawa. A nan akasin haka ne: da yawa ba sa son wata gwamnati ta ƙirga su sam. Dalilin ba jahilci ba ne. Haudenosaunee suna ɗaukar kansu ƙawayen Masarautar Birtaniya, ba talakawanta ba, kuma hujjarsu tsohuwar yarjejeniyar ɗamarar duwatsu mai layi biyu ce, wadda ta kwatanta kwale-kwale da jirgin ruwa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba wanda ke tuƙa na wani. A 1923 sarkin Cayuga mai sarautar Deskaheh ya je Janiba yana neman Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta lokacin ta saurari ƙararsu. A Oktoban 1924 gwamnatin Kanada ta turo 'yan sanda Ohsweken, babban garin yankin, ta rushe majalisar sarakunan gargajiya, ta kafa zaɓaɓɓiyar majalisa. Majalisar gargajiyar ba ta mutu ba, tana nan tana zama, kuma har yau ƙalilan ne daga cikin masu damar zaɓe ke fitowa zaɓen ɗaya majalisar. Mutumin da bai yarda da zaɓen da gwamnatin tarayya a Ottawa ta kawo ba, da wuya ya yarda da takardar ƙidayarta.

Akwai kuma ƙwaƙwalwar abin da jerin sunaye ya taɓa jawowa. Makarantar kwana ta Mohawk da ke Brantford ta ɗauki yara daga 1831 har zuwa 1970. Yaran da suka zauna a ciki suna kiranta ramin kunu, saboda abincin da ake ɗura musu safe da yamma. A gidaje da yawa, jami'i mai littafi a hannu yana tambayar yara nawa ne a gidan ba baƙon alheri ba ne.

Yadda doka ke ƙirga mutum

A nan gizo ke saƙa. A al'adar Haudenosaunee ɗa na uwarsa ne. Daga wurinta yake samun al'ummarsa da danginsa, ko Kunkuru ko Kyarkeci ko Beyar da sauransu, kuma iyayen dangi mata ne ke naɗa sarakuna. Dokar Kanada ta zo da kishiyar wannan. Tun dokar 1869, sannan Dokar Indiyawa ta 1876 (sunan da Turawa suka laƙaba wa 'yan asalin, ba shi da alaƙa da ƙasar Indiya), matsayin mutum ta wajen uba da miji yake bi. Macen da ta auri wanda ba shi da rajista ta fita, ita da 'ya'yan da za ta haifa. Namijin da ya auri Baturiya kuwa, matar ta shigo, 'ya'yansu ma duka. Don haka shekara sama da ɗari ana cire mutanen da al'ada ta ce su ne ainihin 'yan dangi, ana shigar da waɗanda al'ada ta ce ba su da dangi.

Akwai wata hanyar fita da ake kira 'yantarwa, inda mutum zai bar matsayinsa ya zama ɗan ƙasa kamar kowa. Dokar 1857 ta buɗe ta da fatan mutane za su yi tururuwa, amma har zuwa 1876 mutum ɗaya tak aka 'yantar, Elias Hill, ɗan Six Nations. Daga baya aka riƙa yin ta da tilas ga wasu, misali wanda ya yi digiri ko ya zama likita ko lauya a wani zamani. A 1951 aka kafa rajista guda ta ƙasa a Ottawa, aka kuma ƙara wata ƙa'ida: wanda uwarsa da kakarsa ta wajen uba duk ta aure suka sami matsayi, zai rasa nasa ranar da ya cika shekara 21.

Shari'ar da ta fito da wannan fili daga Six Nations ta taso. Yvonne Bedard ta auri wanda ba ɗan asali ba a 1964, auren ya mutu a 1970, ta dawo da 'ya'yanta gidan da mahaifiyarta ta bar mata gado. Zaɓaɓɓiyar majalisar yankin ta ce ba ta da ikon zama, tunda doka ta cire ta. An haɗa ƙararta da ta Jeannette Corbiere Lavell, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1973, alƙalai biyar suka goyi bayan dokar, huɗu suka saɓa. Sai da Sandra Lovelace ta kai ƙara kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ba ta gaskiya a 1981, sannan aka gyara dokar a 1985.

Gyaran 1985 ya mayar da matan da aka cire da 'ya'yansu, kuma cikin shekaru goma sha biyar sama da mutum 100,000 suka shiga rajista a faɗin Kanada. An sake gyara a 2011 bayan shari'ar Sharon McIvor, aka ƙiyasta kusan mutum 45,000 za su cancanta, aka sake yi a 2017 bayan shari'ar Descheneaux, sannan a 2019 aka cire shingen shekarar 1951, wanda ya bar zuri'ar da aka haifa kafin lokacin a waje. Kowane gyara yana bayyana a jadawalin yawan jama'a kamar tudu. Wanda ya kalli alƙaluman Six Nations na kafin 1985 da na bayanta ya lissafa saurin ƙaruwa, sannan ya ce haihuwa ce, ya ɓata lissafinsa. Mafi yawan sababbin shiga manya ne, an haife su tuntuni, da yawansu suna zaune a birane. Sun ƙara yawan masu rajista, sun ɗaga matsakaicin shekaru, sun rage kason mazauna cikin yankin, alhali ko mutum ɗaya bai tashi daga gidansa ba.

Ƙa'idar yankewa a tsara ta biyu

Gyaran 1985 ya toshe wata ƙofa ya buɗe wata. Ya raba masu rajista gida biyu, na sashe 6(1) da na sashe 6(2). Katinsu ɗaya, haƙƙinsu ɗaya, bambancin yana wajen abin da za su gadar wa 'ya'ya. In iyaye biyu duk suna da rajista, ko wane sashe suke, ɗansu 6(1) ne. In ɗaya 6(1) ne ɗayan ba shi da rajista, ɗan 6(2) ne. In ɗaya 6(2) ne ɗayan ba shi da rajista, ɗan ba ya shiga rajista ko kaɗan. Wato tsara biyu a jere ana haihuwa da na waje, zuri'ar ta fita daga littafin gwamnati, ko da a Ohsweken aka yanke wa yaron cibi, ko da yana jin harshen kakanninsa.

Ga misalin lissafi, ba alƙaluman wurin ba ne, don dai a ga yadda abin ke aiki. A ɗauka kashi 30 cikin ɗari na iyaye masu rajista 'yan 6(2) ne. In daga cikin haihuwa 100, guda 40 da wanda ba shi da rajista aka yi su, za a sami yara 60 na 6(1), 28 na 6(2), 12 babu rajista. A tsara ta gaba kason 6(2) zai tsaya wajajen 32, asarar kuma kusan 13. Abin yana tafiya a hankali. Amma in haihuwa da na waje ta kai 60 cikin 100, tsarar farko za ta ba da 40 na 6(1), 42 na 6(2), 18 babu rajista. Yanzu 'yan 6(2) sun haura rabin masu rajista, don haka a tsara ta gaba yaran da za su faɗi waje sun kai kusan 31. Ƙarin kashi 20 a auren waje ya ninka asarar fiye da sau biyu cikin tsara biyu. Irin wannan hasashe ne masanin yawan jama'a Stewart Clatworthy ya daɗe yana yi wa al'ummomin Kanada, kuma abin da ya fito shi ne ƙananan al'ummomi da ke kusa da birane su ne suka fi shiga haɗari.

Six Nations tana da abin da ke taimakonta da abin da ke cutar da ita. Yawanta ya sa saurayi ko budurwa na iya samun abokin aure mai rajista wanda ba ɗan dangi ɗaya ba, abin da ke da wuya a ƙauyen mutum 300. Amma tana zaune ne a tsakiyar yanki mafi cunkoso a Kanada, Brantford da Caledonia da Hagersville a bakin ƙofa, Hamilton tafiyar kamar rabin sa'a, fiye da rabin mutanenta kuma suna waje. Ga kuma matsalar iyaka. 'Yan'uwansu Seneca da Onondaga da Tuscarora suna jihar New York, kuma an daɗe ana zirga-zirga ana auratayya, musamman ta hanyar Buffalo inda maza da yawa suka yi aikin haɗa ƙarafan dogayen gine-gine. Wanda ke cikin rajistar ƙabilarsa a Amurka amma bai cancanci ta Kanada ba, dokar Kanada tana lissafa shi daidai da Bature. Yaro zai iya zama Haudenosaunee gaba da baya, ya fito a 6(2).

Wani ramin shi ne uban da ba a rubuta ba. Shekaru da dama, in babu sunan uba a takardar haihuwa, ofishin rajista yana ɗauka uban ba shi da matsayi. Uwa 'yar 6(2) da ta ƙi faɗin sunan uba, ko don tsoro, ko don fyaɗe, ko don ya gudu bai sa hannu ba, ɗanta ya rasa rajista. Lynn Gehl ta yi nasara kan wannan a kotun ɗaukaka ƙara ta Ontariyo a 2017, gyaran shekarar kuma ya umarci magatakarda ya karɓi kowace hujja mai ma'ana. Amma yaran da aka ƙi a baya sai sun sake nema da kansu.

Fili, gida da ruwa

Tambayar da ta fi amfani ga mai tsara ayyuka ita ce me ya sa kusan mutum 14,000 suke waje. Neman aiki da karatu dalili ne, amma ba shi kaɗai ba. Eka 46,000 kimanin murabba'in kilomita 186 ne. Mazauna 12,800 sun ba da kusan mutum 69 a kowane murabba'in kilomita, in kowa ya dawo zai kai 146, kuma cikin filin nan akwai gonaki da dazuzzuka da fadamu da ba a gini a kansu. Mafi yawan filin yana hannun iyalai da takardar mallaka ta musamman, wadda ba a iya sayar da ita sai ga ɗan al'ummar. In mai fili ya rasu ba wasiyya, magada goma ko ashirin suna iya tarayya a gona ɗaya, ba wanda zai yi gini sai sauran sun yarda.

Sashe na 89 na Dokar Indiyawa ya hana wanda ba ɗan asali ba ƙwace dukiyar da ke cikin keɓaɓɓiyar ƙasa. Kariya ce, amma ta sa banki ba ya karɓar gida a matsayin jingina kamar yadda yake yi a Brantford. Sai dai a bi ta asusun rancen gidaje na majalisa ko wani shiri na musamman da aka yi da banki, kuma masu jira sun fi kuɗin yawa. Ma'aurata matasa suna da zaɓi uku: su cushe a gidan iyaye, su ajiye tirelar kwana a bayan gida, ko su kama haya a gari. Na ukun yana fita daga lissafin mazauna, na farko da na biyu kuma sau da yawa ba a ƙirga su daidai.

Ruwa ma haka. An buɗe sabuwar matatar ruwa a Ohsweken da ta ci kusan dala miliyan 41, amma bututun bai kai mafi yawan gidaje ba, domin gidajen a warwatse suke a bakin dogayen hanyoyin da ake kira Layi na Ɗaya, na Biyu da sauransu. Gidan da bututu bai kai ba yana da rijiya ko tankin siminti a ƙasa wanda motar ruwa ke cikawa, na sha kuma a saya a gora. Ƙarin mutum uku a irin wannan gida yana nufin ƙarin zuwan tanka da ƙarin nauyi a kan ramin bahaya. Saboda haka yawan mazauna yana da rufin da ba haihuwa ce ta kafa shi ba. Duk lokacin da aka shimfiɗa sabon bututu ko aka buɗe sababbin filaye, a sa ran dawowar mutanen da rajista ta rubuta suna waje. Rikicin filin Caledonia na 2006 da wanda ya sake tashi a 2020 suna da tushe a tarihi, amma wannan matsi na yau yana ƙarƙashinsu.

Dokar zama ta majalisa ta 1986 ta keɓe zama a yankin ga 'yan al'ummar. Duk da haka akwai mazaje da mata da 'ya'ya marasa rajista da ke zaune a gidajen iyalansu. Suna shan ruwa, suna hawa motar makaranta, suna kiran motar asibiti, amma ba sa cikin 12,800 ɗin, kuma mai gida ba zai yi saurin ambatonsu ga mai tambaya ba.

Tsarin shekaru

A ƙidayar 2021 an sami 'yan asali miliyan 1.8 a Kanada, kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Sun ƙaru da kashi 9.4 daga 2016, sauran jama'a da kashi 5.3. Matsakaicin shekarunsu 33.6, na sauran 41.8. Waɗannan alƙaluma suna da amfani, amma ba a ɗora su kai tsaye a kan Six Nations. Na farko, a shekarar keɓaɓɓun wurare 63 ne ba a kammala ƙidayarsu ba, saboda annobar korona da gobarar daji da ƙin amincewa. Na biyu, wani ɓangare na ƙaruwar daga mutanen birni ne da a baya ba su ce su 'yan asali ba ne, yanzu suka ce. Na uku, al'ummar kudu mai kusa da birane ba ta haihuwa kamar ƙauyukan arewa mai nisa da sai jirgin sama ke kaiwa.

Abin da ya kamata mai tsari ya riƙe shi ne nauyin yana zuwa ta gefe biyu. Yara da matasa suna da yawa, makarantun firamare biyar na tarayya ne a yankin, yawancin 'yan sakandare kuma motoci ke kai su garuruwan maƙwabta. A lokaci guda tsofaffi suna ƙaruwa da sauri, har da waɗanda suka yi ritaya a birni suke son su ƙare rayuwa a gida, gidan kula da tsofaffi na Iroquois Lodge kuwa gadajensa kusan 50 ne. Daga 1996 har kusan shekara ashirin gwamnatin tarayya ta ƙayyade ƙarin kuɗin manyan ayyuka a keɓaɓɓun ƙasashe a kashi 2 cikin ɗari a shekara, adadin da hauhawar farashi kaɗai ke iya cinyewa kafin a zo maganar ƙarin mutane. Ɓangaren da ke raguwa kuwa shi ne na masu harshe. Waɗanda suka tashi da Cayuga a matsayin harshen uwa ba su kai ɗari ba, kusan dukansu tsofaffi ne, shi ya sa makarantar Kawenni:io mai koyarwa da Cayuga da Mohawk da aka kafa a 1986 da shirin koyar da manya Mohawk na Onkwawenna Kentyohkwa suke tseren lokaci.

Inda lissafi ke karkacewa

Rajistar tarayya tana da lahani uku da duk mai aiki da ita ya sani. Haihuwa tana shiga a makare, domin sai iyaye sun nemi cikakkiyar takardar haihuwa mai sunayensu sun cike fom sun sa hannu, jariri kuma yana iya samun magani da lambar uwa ko uba a watannin farko, don haka ba a gaggawa. Sakamakon shi ne rukunin 'yan ƙasa da shekara biyar kullum yana fitowa ƙarami, har wanda bai sani ba ya ce haihuwa ta faɗi. Mutuwa ma tana shiga a makare, musamman ta wanda ya rasu a Amurka, sai a ga 'yan sama da 85 sun yi yawan da bai dace ba. Wurin zama kuma ba a sabunta shi sai wani abu ya kawo mutum ofis, kamar aure ko sabunta kati. Wanda ya koma Hamilton shekara takwas da suka wuce yana iya kasancewa mazauni a takarda.

Takardun lardi ba sa cike giɓin. Duk da akwai cibiyar ungozomomi ta Tsi Non:we Ionnakeratstha da aka buɗe a 1996, haihuwa da yawa a asibitocin Brantford da Hamilton ake yi, rajistar haihuwa da mutuwa ta Ontariyo kuma ba ta da gurbin da ke nuna ɗan asali ne. Lambar gidan waya ma ba ta raba gardama, tunda wasu gidajen yankin adireshin Hagersville ko Caledonia suke amfani da shi. A birni abin ya fi muni: binciken da ƙungiyar Janet Smylie ta yi a Toronto ya nuna ƙidayar ƙasa ta rage yawan 'yan asalin birnin da ninki biyu zuwa huɗu.

Illar wannan tana fitowa a wajen rabawa. A ɗauka, a matsayin misali, asibitin yankin yana da masu ciwon sukari 1,300 a littafinsa. In aka raba da 27,000 za a ce kusan kashi 5 cikin ɗari, in aka raba da 12,800 za a ce kusan kashi 10. Duka biyun kuskure ne in marasa lafiyan sun haɗa da mazauna marasa rajista da 'yan gari masu zuwa asibitin gida. Dole wanda ake ƙirgawa a sama da wanda ake rabawa da shi a ƙasa su fito daga rukuni ɗaya.

Ƙidayar da za ta yi aiki a irin wannan wuri sai al'ummar ta riƙe ta da kanta, bisa ƙa'idar da 'yan asalin Kanada suka kafa tun ƙarshen shekarun 1990, cewa mallakar bayanai da ikon sarrafa su da damar ganinsu da ajiyarsu duk nasu ne. A Six Nations wannan yana nufin neman yardar majalisu biyun, domin amincewar ɗaya kaɗai tana rufe ƙofofin magoya bayan ɗayar. Ana farawa da jerin gidaje, ba jerin mutane ba, kuma akwai abin farawa a hannu: shuɗiyar lambar da ke kafe a bakin kowace mashiga don motocin agajin gaggawa. A bi layi-layi a tabbatar da kowace lamba, a ƙara tirela da ɗakin bayan gida da ke amfani da lambar babban gida. A tsayar da dare ɗaya na lissafi, a kauce wa lokacin bukukuwan tsakiyar hunturu da hutun bazara da baƙi ke cika gidaje. A tambayi wanda ya saba kwana a gidan, a ware ɗalibai da masu aikin nesa a gurbi na dabam. Tambayar rajista, da ta sashe, da ta dangin uwa, kowace a yi ta dabam, kuma a rubuta a fili cewa amsar ba za ta je ofishin dokar zama ko na tallafi ko na kula da yara ba, in ba haka ba marasa rajista za su ɓace daga fom. Bayan an gama, a zaɓi gida ɗaya cikin ashirin a sake komawa da wasu ma'aikatan, a gwada amsoshin biyu don a san yawan waɗanda aka tsallake. Hasashen gaba kuma a yi shi layi biyu, ɗaya na duk zuri'a, ɗaya na masu rajista kaɗai bisa rabon 6(1) da 6(2), domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce yawan yaran da za su zauna a aji su sha ruwan tanka ba tare da an ware musu kuɗi a kasafin da ake ginawa kan rajista ba.